Karatun Kaka: Na Waya, Na Takarda, Ko Na Kunne?

Ƙanwata ce ta jawo wannan magana. Ranar da aka sauke dammunan geron farko a ƙofar gida, muna zaune a inuwar zaure, ta ɗago kai daga wayarta ta ce, "Yaya, na ware 'yan kuɗi don littafi, amma na rasa inda zan zuba su. Kowacce marubuciya tallan nata take yi, kowanne kuma wai ba a taɓa yin irinsa ba." Na ce ta ba ni kwana biyu. Da na zauna yin lissafi sai na ga amsar ta fi ƙarfin hirar zaure.

Kaka dama can lokacin labari ce. Ruwa ya ɗauke, rumbu ya fara cika, dare ya yi daɗi da 'yar iskar nan da ke riga hunturu isowa. A irin wannan dare ne da muke cika ɗakin kakarmu, ta ce "ga ta nan, ga ta nan ku," mu amsa da ƙarfi har a tsawatar mana. Turawa ma kaka ce kasuwar littafinsu. A Faransa kamfanonin ɗab'i kan riƙe ɗaruruwan sabbin littattafan ƙagaggun labarai su sake su tsakanin ƙarshen Agusta da Oktoba. A watan Oktoba ake baje kolin littattafai na Frankfurt a Jamus, a cikinsa kuma ake faɗin wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi, sannan Nuwamba ta zo da kyaututtukan adabi na Booker a Ingila da Goncourt a Faransa. Mai karatu a can jerin sunaye ake miƙa masa ya zaɓa.

Mu ba haka abin yake ba. Sabon labarin Hausa ba ya jiran wata, kullum fitowa yake, galibi bayan sallar isha'i, shafi-shafi. Don haka kafin a tambayi wane littafi za a karanta, sai an fara yanke ta wace ƙofa za a shiga. Ƙofofin kuwa ba kuɗinsu ɗaya ba, ba kuma abu ɗaya ake tararwa a bayansu ba.

In fara da wayar, tunda nan ne kasuwar take ci yanzu. Duk wanda ya ce maka rubutun Hausa ya mutu, bai shiga WhatsApp da dare ba ne. Marubuta, mafi yawansu mata, suna buga labari da ɗan yatsa a kan waya, su sake shi a zaurukan WhatsApp da Telegram da Facebook, ko a manhajoji irin su Wattpad da ArewaBooks da Bakandamiya Hikaya. Tsarin kusan ɗaya ne. Za a ba ka shafukan ɗanɗano kyauta, goma ko ashirin, sai a daidai inda amarya ta buɗe ƙofa ta ga abin da bai kamata ta gani ba a ce ɗanɗano ya ƙare, mai son ci gaba ya biya. Kuɗin yawanci 'yan ɗaruruwan naira ne zuwa dubu, a tura ta banki ko katin waya, a aika da shaidar biya, a jefa ka cikin zauren waɗanda suka biya. Mutanen Nijar ma akan ware musu lambar da za su tura nasu da sefa.

Abin da na fi yaba wa wannan ƙofa shi ne sabunta. Abin da ke damun mutane a bana, bana za ka gan shi a labari. Ban da kishiya da uwar miji da saurayi attajiri, waɗanda ba sa ƙarewa, na karanta labaran da suka shiga gidan da aka yi garkuwa da maigida, da rayuwar yarinyar da aka kawo aikatau birni, da ma'auratan da gwajin jini ya raba saboda sikila, da matashin da ƙwaya ta cinye. Marubuciyar tana zaune cikin abin da take rubutawa, maganar mutanenta kuma irin wadda ake yi ce a layin famfo da gidan biki. Sannan akwai daɗin taro. Shafi na sauka, kafin minti goma sharhi ya cika zaure, wata na tsine wa mijin, wata na kare shi, wata ta ce in aka kashe wance ita ta daina karantawa. Wannan hayaniya rabin abin da ake biya ke nan, ko da ba a faɗa.

To amma hayaniyar ita ce kuma cutar. Marubuciyar da ke sakin shafi kullum dole ta ƙare kowanne a inda numfashi zai tsaya, labarin da ya kamata ya mutu a shafi na arba'in sai ya kai ɗari da wani abu, a kawo haɗarin mota, a kawo mantuwa, a tono wani ɗa da aka ɓoye shekara ashirin. Masu sharhi kuma suna jan akalar. Na sha ganin mugun da aka gina da kyau ya tuba dare ɗaya saboda makaranta sun ƙaunace shi. Babu edita. Ƙa'idar rubutu tana shan wuya: "zan" ya koma "xan", "ƙanwa" ta koma "qanwa", a haɗe abin da ya kamata a raba, a cusa Turanci inda Hausa ba ta gaza ba. Ga batsa da wasu suka mayar jari, wadda ta sa iyaye da yawa suke yi wa duk littafin waya kuɗin goro, alhali akwai masu tsabtataccen alƙalami da dama.

Babban haɗarin kuwa shi ne a bar ka a tsakiyar kogi. Ni kaina ya taɓa ci na. Na biya kuɗin wani littafi ana cikin yi, muna tafe lafiya har shafi na sittin da 'yan kai, sai shiru. Kwana uku aka ce wayar marubuciyar ce ta faɗa ruwa. Bayan mako biyu aka ce biki ake yi a gidansu. Daga nan zauren ya koma wurin tallan atamfa da turaren wuta. Har yau ban san ko yarinyar nan ta fito daga gidan yarin ba. Manhaja ma ba rumbun dutse ba ce. OkadaBooks, wadda aka kafa a 2013 kuma marubutan Hausa da yawa suka sayar da littattafansu a cikinta, ta rufe a ƙarshen Nuwambar 2023. Abin da ka saya a manhaja yana nan ne muddin manhajar na nan.

Saboda haka ga yadda nake gwada littafin waya kafin in ciro ko sisi. Tambayar farko, an gama rubuta shi? In an gama, rabin damuwa ta kau. In ba a gama ba, sai in duba ko mai shi ta taɓa kai wani littafin ƙarshe, kuma tsofaffin makarantanta me suke cewa game da yadda ta rufe shi. Sannan ba na yanke hukunci da shafin farko, don kowa na iya yin kwalliyar ranar salla. Shafi na goma nake dubawa. In har a nan ana ta lissafa mini kalar leshi da sunan mota da yawan ɗakunan gidan Alhaji, babu abin da ya motsa, na san inda aka dosa. In kuwa a shafi na goma na riga na san abin da jarumar take tsoro, kuma akwai wani a labarin da na kasa yanke ko mutumin kirki ne, to wannan ya ci kuɗinsa. Abu ɗaya da nake roƙo: kar a karɓi littafin kuɗi da wani ya tattara ya watsa kyauta. Wadda ta rubuta shi ta yi watanni tana danna waya har yatsa ya yi kanta, kuma da ɗari biyar ɗin nan take sayen data.

Sai na takarda. Wanda ya tashi a shekarun 1990 ya san zamanin da littafin Hausa ke da kasuwa ta gaske, abin da masana suka kira adabin kasuwar Kano. Ƙananan littattafai ne sirara, na ɗaya da na biyu da na uku, a takarda mai arha, ana sarinsu daga Kano zuwa ko'ina, har da shagunan haya inda za ka ba da 'yan canji ka karɓi littafi na kwana ɗaya ko biyu. Ina tuna yadda na biyun kan ɓace a hannun wata a unguwa, sai an bi gida-gida ana cigiya. Wannan kasuwa ta ja baya ƙwarai. Waya ta kwashe makaranta, takarda kuma ta yi tsada, domin mafi yawan wadda ake ɗab'i da ita shigo da ita ake yi daga waje, ga faɗuwar darajar naira tun 2023 ta ƙara wa abin gishiri.

Abin mamaki, tsadar ta yi wani amfani. Yau ba kowane labari ake kai wa maɗaba'a ba. Wanda zai zuba kuɗinsa ya buga littafi yakan zaɓi wanda ya fi amincewa da shi, ya ba wani ya duba masa rubutu, ya fitar da shi dunƙule guda maimakon kashi uku. A Kano kuma abin da aka buga yana ƙarƙashin idon Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wanda hakan ke rage batsa, ko da yake wasu marubutan na ganin yana sa alƙalami ɗari-ɗari. Littafin takarda ya riga ya ƙare kafin ya zo hannunka, ba mai barin ka a hanya. Ba ya neman caji, ba ya cin data, saƙon kowa ba ya faɗowa a tsakiyar shafi. Ga shi mutum biyar za su karanta kwafi ɗaya a gida, a ajiye wa na baya. In aka raba kuɗinsa da yawan idon da zai bi ta kansa, tsadar ba ta kai yadda ake ji ba.

Matsalarsa samu. In ba a Kano ko Kaduna ko Zariya ko Sakkwato kake ba, da wuya ka shiga shago ka tarar da sabon fitowa. Yawanci sai ka ji labarin ƙaddamarwa, ka nemi marubucin ko wakilinsa, ka tura kuɗi, a ba direba a tasha, ka je ka karɓa. Wani lokaci kuɗin mota ya kusa kamo kuɗin littafi. Kuma kada a ɗauka duk abin da aka buga zinariya ne. Akwai littattafan da aka buga don a tara manyan baƙi a ɗakin taro a yi gwanjon kwafin farko, ba don a karanta ba. Alamar irinsu ita ce shafukan godiya da ta'aliƙi sun fi babin farko tsawo. Akwai kuma waɗanda labarin waya ne aka kwafe yadda yake, da kurakuransa da komai, aka yi masa bango mai sheƙi. In ka samu dama ka buɗe tsakiyar littafin kafin ka biya, duba ko ƙ da ɗ da ɓ suna da lanƙwasarsu. Wanda ya kula da wannan yawanci ya kula da sauran.

Ƙofa ta uku ita ce wadda mutane suka fi rainawa, ni kuma na fi tura sabon mai karatu can: gajerun labaran gasa. Ai ƙagaggen labarin Hausa na boko ma gasa ce ta haife shi, wadda Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara a 1933, wadda ta fito da su Abubakar Imam. A wannan zamanin, wadda ta fi suna ita ce Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, da aka fara a 2016 a matsayin gasa ta mata zalla. Aisha Muhammad Sabitu ce ta ci ta farko da labarin da ya shafi sansanin 'yan gudun hijira, a 2022 kuma Amira Souley daga Jamhuriyar Nijar ta ɗauke kambun. Ana karɓar labaran da damina, alƙalai su tace, a bayyana gwanaye wajen ƙarshen shekara, a kuma karanta waɗanda suka yi fice a rediyo. Wato amfaninta ma da kaka yake nuna.

Abin da ya bambanta waɗannan labarai shi ne iyaka. An ƙayyade musu kalmomi, tsakanin 1,000 zuwa 1,500, don haka babu filin lissafa kayan lefe. Dole jimlar farko ta fara aiki. Sannan sun bi ta hannun mutanen da ba ruwansu da yawan mabiyan marubuciya. Kafin shayi ya huce ka gama ɗaya, kuma ba ka biya komai ba sai 'yar data. Ga mai aikin gona da ke dawowa a gajiye, ko ɗalibar da aka koma makaranta, ko uwar da ba ta da rabin awa nata na kanta, wannan ne daidai wa daida. Wata riba kuma, nan ne wurin farautar suna. Marubuciyar da ta iya riƙe ka da kalma dubu, in ka ji ta fitar da dogon littafi, kana da dalilin bin ta.

Aibinsu biyu ne a wurina. Na farko, ba sa cika ciki. Mai son ya zauna da mutanen labari mako guda har ya riƙa mafarkinsu ba zai ƙoshi ba. Na biyu, gasa tana da irin jigon da take so, marubuta kuma sun gane. In ka karanta goma a jere za ka ji kuka ya yi yawa: fyaɗe, maraici, sakin wulaƙanci, ɗaya bayan ɗaya. Duk gaskiya ne, amma da wuya ka ci karo da wanda zai sa ka dariya. Biyu a dare sun isa.

Na kunne ba zan daɗe a kansa ba. Tashoshin YouTube da wasu gidajen rediyo suna karanta littattafai, kuma ga wanda hannunsa ke cikin aiki babu kamarsa. Na ga gwaggona da 'ya'yanta suna ɓarar gyaɗa, waya a cikin kwano don sauti ya ƙara fita, ba mai cewa uffan sai in mugu ya yi wani abin a ce "la'ananne!" Gwaggo ba ta karanta boko, amma ta fi kowa riƙe sunayen mutanen labarin. Sai dai komai ya rataya ne a kan mai karantawa. Mai murya da ya san inda zai tsaya yakan ɗaga matsakaicin labari. Muryar kwamfuta kuwa, wadda wasu tashoshi suka koma amfani da ita, ba ta san karin sauti ba. Ga cin data in littafin ya kai awa ashirin, gara a sauke shi lokacin garaɓasar dare. A kuma duba ko tashar ta ambaci izinin marubucin, don da yawa ɗauka kawai suke yi.

Ga mai jin Turanci ko Faransanci akwai ƙofa ta biyar, kuma ita ce ta fi bin kalandar kaka. Kyautar adabi ta Najeriya da kamfanin gas na NLNG ke ɗaukar nauyi, mai dala 100,000, a watan Oktoba ake sanar da ita. Tana zagayawa ne tsakanin zube da waƙa da wasan kwaikwayo da adabin yara, don haka sai bayan shekara huɗu take dawowa kan ƙagaggen labari. Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, ya ci ta a 2016 da labarin da ya gudana a cikin al'ummarmu. A ɓangaren Faransanci, Djaïli Amadou Amal ta Marwa a Kamaru ta ci Goncourt ta ɗaliban sakandare a 2020 da labari kan auren dole da zaman kishi, abin da mai karatu a Zinder ko Maraɗi ba sai an yi masa fassarar al'ada ba. Jerin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe a irin waɗannan kyaututtuka rariya ce mai kyau, ta rage maka lalube. Amma kuɗin kwafi ɗaya, musamman wanda aka shigo da shi daga waje, zai saya maka littattafan waya masu yawa, kuma alƙalan kyaututtukan waje ba da kai suke tunani ba lokacin da suke zaɓe. Ni nakan ɗauki ɗaya tak a shekara, in fi karkata ga bugun kamfanonin gida irin su Cassava Republic da Masobe, waɗanda farashinsu ya fi sauƙi.

Da za a matsa mini in jera su, ga wanda kuɗinsa na littafi ɗaya ne kacal, cikakken littafin takarda da wani wanda ka yarda da ɗanɗanonsa ya karanta ya yaba shi ne kan gaba, in har zai iso garinku ba tare da kuɗin mota ya cinye ribar ba. In ba zai iso ba, littafin waya da aka gama rubutawa. Wanda ake kan rubutawa shi ne na ƙarshe, sai fa in hirar zauren kake so fiye da labarin, wanda kuma ba laifi ba ne, in dai ka san abin da ka saya ke nan. Gajerun labaran gasa ba sa cikin layin, tunda ba sa taɓa aljihu. A fara da su tun yau, kafin a gama shawarar sauran.

Haka na faɗa wa ƙanwata bayan kwana biyun. Ta saurara har na gama, ta ce, "To Yaya, na ji. Amma wanda nake so ɗin ba a gama shi ba, kuma duk ƙawayena suna ciki." Na tambaye ta ko marubuciyar ta taɓa gama wani. Ta ce uku, ta ma karanta biyu. Na ce to ta biya. Ragowar kuɗin muka haɗa da nawa muka aika Kano a sako mana wani na takarda a mota, da sharaɗin ni zan fara karantawa. Direban ya ce ranar kasuwa zai shigo.